Haƙoran Uwar Garke

Ƙarfe biyun dare a Sabon Gari, kuran ya dawo,
fanka ta yi tari sau biyu ta kama juyi.
Ina zaune gaban uwar garken kamfanin man gyaɗa,
wadda ke riƙe da sunayen masu biya da masu bashi.

Na ƙwanƙwasa mata ƙofa ta waje kamar baƙo,
na nemi shafin da na san babu shi.
Maimakon ta ce babu ta yi shiru,
sai ta zazzage mini asalinta:
sunanta, gidan da take zaune,
biyu, ɗigo huɗu, ɗigo ashirin da tara.
Ko gaisawa ba mu yi ba.

Na tuna Baba Nomau a kasuwar dabbobi,
yadda yake cusa babban yatsa bakin jar akuya,
ya ɗaga leɓe, ya ƙirga, ya saki.
Bai tambayi mai ita komai ba,
haƙori ya riga ya faɗi kuɗinta.
Tawa kuwa da kanta take yage baki
ga duk mai wucewa, daga Gulbi har bangon duniya,
har da mai yawo da kundin cututtuka
yana neman tsohuwar da ke ɗingishi.

Layi biyu na gyara.
A na farko na ce, faɗi sunanki ki tsaya nan.
A na biyu, daina sa hannu a gindin takarda.
Na kwantar da ita, na tashe ta, na sake ƙwanƙwasawa.
Babu, ta ce, ta ja bakinta,
kamar Inna Tasalla in an tambaye ta jikoki nawa.
"Alhamdu lillahi," ta ci gaba da tsinkar zogale.

Da safe Sahabi ya leƙo da kofin shayi,
ya yi dariya har ya zuba a takalminsa.
"Ka rufe mata baki, to, sai ta koma budurwa?
Kura ba ta ƙirga haƙori, gudu take dubawa."

Ban musa ba. Rufin asiri daban, magani daban.
Na rubuta a bayan takardar kuɗin wuta:
Asabar, bayan la'asar, a sabunta ta,
in Alhaji ya yarda a kashe shafin na awa ɗaya,
in kuma kuran bai riga shi kashewa ba.