Ƙirgen Maƙera

A bayan shagon cajin waya, can Mabera,
ɗaki ne mai kwano, zafi na sauka kamar an juye tukunya.
Mu huɗu, da janareto ɗaya mai tari,
muna kiɗan da unguwa ta raɗa wa suna
"hayaniyar 'yan boko".

Ranar nan gardama ta fi kiɗan tsawo.

Sahabi ya ɗaga gita, ya ce gwaninta gudu ce:
yatsu su bi tsirkiya kamar allurar keken tela daren sallah,
kunne ya biyo baya yana haki.

Haliru, daga bayan ganguna, ya ce a'a.
Gwani shi ne mai sauya ƙirge:
bakwai yanzu, sha ɗaya an jima, sai sha uku,
har mai kaɗa ƙafa ya yi tuntuɓe a zaune.

Malami ya ce tsawo.
Minti ashirin ba amshi, ba komawa gida,
kamar mai tafiya Illela ya ɓulla ta Yabo
kuma ya rantse hanyar ke nan.

Ni ban ce komai ba. Na naɗi kiɗanmu a waya,
na hau kabu-kabu zuwa Maƙera Assada.

Baba Modi, wan mahaifina,
kunnensa na hagu guduma ta cinye tun ban zo duniya ba.
Na sa masa a na dama.
Ya saurara har ƙarshe, yana tauna goro a hankali,
sannan ya miƙo min wayar kamar mai mayar da kwabon jabu.
"An ce kiɗin ƙarhe a sunanai?
Ku huɗu, kowa na bugun nashi ƙarhe.
Taho da asuba."

Na je.
Gawayi ya yi ja, yaro na kan zugazugi,
maza uku sun kewaye uwar maƙera ɗaya,
bakin galma ɗaya a tsakaninsu.
Na tsaya ina ƙirgawa, halin da na koya wurin Haliru:
babbar guduma uku,
masaba biyar a cikin ukun nan,
ƙaramar hannun Baba tana shiga inda babu ƙofa,
zugazugi kuma na numfashinsa daban.
Guduma ba ta taɓa guduma ba.
Wanda ya makara da ƙiftawar ido
wuyan hannun ɗan'uwansa zai biya.

Da jan ya fara komawa toka-toka
duk suka rage gudu tare,
ba wanda ya ɗaga kai, ba wanda ya ce uffan.

Na ce, Baba, nawa kuke ƙirgawa?
Ya dube ni kamar na tambayi nauyin hayaƙi.
"Ƙirge? Ƙarhe ka faɗi, mu muna saurare."

Da dare na kai musu labari.
Sahabi ya yi dariya, ya ce to mu koma ƙera lauje.
Malami ya ce galma ba ta minti ashirin.
Haliru kaɗai ya yi shiru,
yana juya sanda tsakanin yatsu.

Muka ɗauko wurin nan mai sha ɗaya
inda kullum muke watsewa kamar tsaba.
Muka watse. Muka sake. Muka watse.
A karo na tara, ko na goma,
na daina ƙirgawa, na bi numfashin Haliru,
na ji Sahabi ya bar rami a tsakiyar gudunsa
daidai faɗin ƙafar Malami.

Sai mai ya ƙare.
Janareto ya yi tari biyu, ya mutu.
Cikin duhu, tsirkiyu ba wuta, siraran murya kamar sauro,
ba wanda ya tsaya.
Muka kai ƙarshen sha ɗayan tare.

Daga waje mai shayi ya ɗaga murya:
"Yau dai kun huce da wuri!"

Sahabi na laluben takalminsa, ya ce
har yanzu shi dai gudu ne.