Direban Motar Littattafai

Shekara tara ina jan motar hukuma,
wadda gwamnati ta damƙa wa renon Urdu.
Littafi dubu uku a bayana,
ni kuwa ko alifi ban sani ba.
Jaki da kayan zuma, in ji abokaina a Dilli,
shi da zaƙi sai nauyi.

Sunana Tarlok Chand. A rubuta shi daidai,
don akawu ya taɓa cinye mini harafi ɗaya,
kuɗin man wata huɗu suka kwanta a fayil.
Kafin taya ta juya sai sa hannu bakwai,
hatimi shuɗi, hatimi ja,
sai manya sun zauna a ɗaki mai sanyi
sun yi wa harshen kirari, sun ci kaza,
sun rantse ba zai mutu ba.
Sannan a miƙo mini mukulli.

Ranar Juma'a muka shiga Malegaon,
ranar da injinan saƙa ke yin shiru,
har kunne ya rasa abin da zai riƙe.
Masaƙa suka fito da auduga a gira,
suka yi layi tun daga bakin masallaci.
Wani tsoho ya ƙirga rufi sau uku,
ya ajiye ƙamus, ya tafi, ya dawo,
ya ce takalmi ya jira wata mai zuwa.

Akwai takarda a bayan lasisina,
ta yi laushi kamar tsumma.
Kakana ya rubuta ta, mutumin Sialkot
da ya tsallako shekarar da aka tsaga ƙasa.
Yana kunna fitila gaban allolinsa da safe,
da rana ya yi lissafin shago da Urdu,
bai iya wani rubutu ba har ya mutu.
Babana Hindi aka koya masa.
Ni allon hanya ne malamina.
Shekara tara ina kai malamai masauki,
kunya ta hana ni cewa: ku duba mini.

Sai ga yarinya, Nuzhat, 'yar masaƙi,
tawada a yatsa, haƙorin gaba a karye,
'yar ajin yamma da hukumarmu ke biya
in kuɗin sun zo.
Ta ce, Kawu, wane littafi ya fi daɗi?
Na rasa ta cewa. Na zaro takardar.

Ta bi ta da yatsa daga dama zuwa hagu.
Na gyara tsayuwa, ina jiran wasiyya,
ko wata hikima mai nauyin dutse.
Ta karanta: Garin alkama ya yi tsada.
Gwiwata ta hagu ba ta barina barci.
Wannan ruwan ba ya dafa wake kamar na gida.
Ta dakata, ta matso da takardar ido:
Ghulam Nabi maƙwabcina ya ari laimata
kwana biyu kafin mu gudu.
In an buɗe iyaka, wani ya gaya masa
ya riƙe, na bar masa.

Shi ke nan? na ce.
Ta ce shi ke nan, sai sunansa,
kuma hannunsa ya fi na malaminmu kyau.

Da dare na cika fam ɗin hukuma:
littafi ɗari biyu da sha ɗaya,
kilomita kaza, lita kaza.
Na duba sama, na duba ƙasa,
babu gurbin laima.

Da asuba na tarar da gilashin gaba
ya sha ƙurar auduga,
an ja sunana a kai da ɗan yatsa,
ƙugiyoyi da ɗigo, kamar tsuntsaye a waya.
Yaron mota ya ɗauko tsumma.
Na riƙe hannunsa.
Har Dhule na tuƙa ina leƙe
ta tsakanin haruffan.