Zagaye Uku

Likita ya ce jinina ya hau,
ya rubuta mini tafiya kamar ƙwayar magani:
zagaye uku, bayan asuba, kafin shayi.
Shi ya kawo ni lambun nan na wajen Ƙofar Guga
da na shekara talatin ina wucewa a babur
ban taɓa leƙawa ba.

Zagayen farko na ƙafa ne.
Gwiwa na kuka kamar ƙyauren zaure,
wayar aljihu na ƙirga taku,
ba na ganin komai sai tsakuwar hanya.

A na biyu ido ke buɗewa.
Ga maɗaci, an sassaƙe masa gindi,
masu ciwon ciki sun ci bashin ɓawonsa ba su biya ba.
Ga kanya, ga marke, ga kurnar da yara suka jefa,
takalmi wari ɗaya har yau na lilo a reshenta.
Gawo kuwa, damina ta yi tsaka, kowa ya sa kore,
shi ya tuɓe.
Kowane gida akwai irinsa.
Jemagu na dawowa durumi, sun tashi daga aikin dare.

A bakin tafki nake samun Mati mai ban-ruwa,
wando naɗe har gwiwa.
"Wanga ruwa da ka gani," in ji shi, "rami ne.
Kakana ya ce nan aka ɗebi ƙasar ganuwa.
Ganuwa ta tashi aka yi mata kirari,
rami ko wa ya dube shi?
To yau je ka nemo mini ganuwar."
Ya tsoma bokiti, bado ya matsa ya ba shi wuri.

Na uku ban cika kai shi ba.
Akwai bencin siminti da ya tsage a tsaka,
nan nake zama.
Balbela na tsaye kan ƙafa ɗaya,
tarwaɗa ta juya, ruwan ya yi zobe ya lafa.
Ni ma an ɗebi ƙasata:
alli ya ci yatsuna shekara da shekaru,
'ya'ya huɗu, kowa da garin da ya tafi ya gina,
uwarsu na kwance a maƙabarta.
Abin da ya rage mai zurfi ne,
ban san ko zai riƙe ruwa ba.

"Malam Isiyaku, kama mini nan,"
Mati ya miƙo bokiti,
muka shayar da 'yar tsamiyar da ba ta kai ƙuguna ba.

Ran Talata likita zai tambaya.
Zan ce uku.