Kunnen Hagu

Shekara ashirin da shida na tsaya a mahaɗar Farmgate,
tsakiyar Dhaka, inda titi ke haɗiye titi,
usur a baki, farar safa a hannu,
ina ɗaga wa ƙarfe hannu
kamar mai roƙon kogi ya dakata.

Ranar sallama sun ba ni takarda da agogon bango.
Kunnena na hagu kuwa can na baro shi,
tsakanin bas ɗin Mirpur da mai sayar da gyaɗa.
Likita ya ce hon ne ya cinye shi kaɗan-kaɗan,
yadda gara ke cin ƙyaure.
Yanzu jikata Shefali sai ta zagayo ta dama
kafin ta ce mini shinkafa ta nuna.

Danja tana nan, ba ta mutu ba.
Takan yi ja, ta yi kore, ta sake ja,
kamar mai wa'azi a kasuwar kifi.
Direban bas ya tsaya tsakiyar kwalta yana kwasar mutane,
yaronsa na dukan cikin mota da tafi,
mai keken haya ya kutsa hancinsa inda allura ba ta shiga,
ga babban mutum da tuta a goshin mota
ya biyo hannun da ba nasa ba,
ni kuma in ƙame masa.
Wannan ƙamewar ita ke hana ni barci.

Wata Talata motar asibiti ta maƙale gabana.
Jiniya na kuka, na yi gabas na yi yamma,
babu taku ɗaya da za a matsa.
Kowa ya ci gefen hanya tun da safe,
kowa na da uzuri.
Can sai kukan ya yanke.
Direban ya sauko, ya jingina da ƙofa,
ya dubi sama.
Ban tambaye shi ba.

Amma akwai wata rana cikin damina,
ruwa ya kai idon sawu,
wata tsohuwa ta sako ƙafa da kifi naɗe a jarida.
Wani direban bas, ban san sunansa ba,
gemunsa ja da lalle,
ya taka birki, ya miƙo hannu ta taga.
Na bayansa ya tsaya. Na gefensa ya tsaya.
Ba wanda ya danna komai.
Na ƙirga ashirin kafin ta haye,
cikin ashirin ɗin nan na ji hankaka a kan gadar sama,
na ji ruwa na sauka a lemata.
Da kunnen hagu na ji.
Ina jin shi ne abu na ƙarshe da ya jiyo mini.

Jiya Rokeya ta zo, yarinyar da ta gaji wurina,
kakinta bai ko saki guga ba,
ta ce, Baba Mokbul, me zan yi?
Na ce, ki matsa musu su ja layi da fenti mai kauri,
bas ya san tasharsa, keke ya san gefensa,
a bar wa mai ƙafa inda zai sa ƙafarsa,
a bar tsaga ɗaya wadda ba ta kowa ba
sai ta wanda numfashinsa ke gajercewa.
Takardar tara ta farko kuma
ki rubuta wa mai tuta,
sauran za su karanta daga nesa.

Ta yi dariya, ta ce wani abu.
Ta hagu ta zauna, ban ji ba.
Na buɗe akwati na ba ta usur ɗina,
na haɗa mata da auduga ƙulli biyu.