Haƙoran Azurfa

Kafin asuba a Maiurno
kogi yana kwance kamar bai san da mu ba,
gonar ayaba ta kwana da ƙishi.
Usta Mahajub ya ɗora kofin shayi kan akwatin wuta,
ya ce, Tanimu, danna.

Na danna.

Babban injin ya ja numfashi
irin na raƙumin da aka tasa da kaya a baya.
Bai ko juya ba
ya haɗiye rabon shida a loma ɗaya.
Can kan turaku taransfoma ta yi nishi,
allurar mita ta sunkuya,
ƙwan masallaci ya yi ja kamar garwashi,
firjin mai kanti ya yi tari ya yi shiru.

Sai kwantakta, ɗan ƙaramin mai gadin ƙofa,
ya hau kaɗa haƙora kamar mai zazzaɓin damina.
Wutar da yake miƙa wa injin
ita ce ke riƙe masa hannu.
Ya kama, ta faɗi.
Ta faɗi, ya saki.
Ya saki, ta dawo, ya sake kamawa,
kowane kamu da tartsatsinsa,
har ɗakin ya ɗau ƙaurin ƙarfe.

Na uku ke nan a bana.
Mai gona ya ce jabu ne, a sayo wani a Sinnar.
Usta bai tanka ba.
Ya kwance shi, ya nuna mini a tafin hannu:
azurfar ta yi baƙi, ta rarake kamar haƙorin tsoho.
Ya ce, wannan bai yi laifi ba,
rijiya ce ƙarama, guga ya yi mata girma,
waya kuma doguwa, siririya.
A wuyan mai tsayuwa a tsakiya ake yanke hukunci.

Na jefa shi a gwangwanin ɗahaniya
wurin 'yan'uwansa biyu.
Na tuna babana ranar biyan kuɗin makaranta,
mu tara, albashi ɗaya,
yadda yatsunsa ke rawa a bakin aljihu.

Muka jira gidan burodi ya kashe nasa.
Muka tashe shi da lallashi, rabin ƙarfi tukuna,
Usta na ƙirga da leɓe,
bakwai, takwas,
ƙas.
Ya kama, bai saki ba.

Ruwa ya shigo kwalbati da karan masara a gaba.
Shayin Usta ya huce, haka ya sha.