Kwamfuresa Iri Biyu

Shekara shida ina gyaran firiji da esi a Kilo Bakwai,
na san kwamfuresa tun daga tarinta:
wadda ta gaji, wadda gas ya tsere mata,
wadda ke karkarwa da dare kamar mai masassara.
Sai ga Mudassir ya hawo ɗakina na saman bene,
ya saurari abin da na ɗauka, ya yamutsa fuska,
wai muryar nan kwamfuresa take nema.
Na ce akwai uku a shago, sauka ka zaɓa.
Ya yi dariya har shayi ya zube a kan wayoyi.

Ba waƙa nake ɗauka ba.
Goggo Ta-Sawakin ce, yayar kakana,
wadda aka haifa ana jiran jirgin ruwa.
Tana ba da labarin tafiyar ƙafa daga Haɗeja
yadda ta ji shi a bakin uwarta.
In ta zo kan wanta da aka binne a gindin aduwa
murya takan koma zare, makirufo ya lalube ta ya rasa.
In ta zo kan dillalin da ya cinye musu guzuri
sai tsawa, allura ta doki ja.
Ni kuma yatsa a maɓalli, ƙara, rage,
kullum a makare.

Juma'a bayan la'asar na shiga Harajin Sawarik,
riyal ɗari bakwai a aljihun gaba, hannu a kai.
Ammu Awad ya jera mini akwatuna a kan tsohon kafet.
Ga mai maɓalli goma sha ɗaya da fitilu kamar gidan biki.
Ga mai uku, fenti ya kankare, kusurwa ta lotsa.
Ga kuma na iko.
Na ce "salamu alaikum" a cikinsa,
sallamar ta tafi ta dawo, ta sake dawowa,
sai ka ce ni ne mai garin Jidda.
Raina ya biya.

Dattijon ya zare wayar.
Ya ce, wanda bai iya dafa farar shinkafa ba
me ya kai shi shagon za'afaran?
Ɗauki mai ukun.
Wannan yana faɗa masa inda zai fara riƙe murya,
wannan, yadda zai matse,
wannan ya ɗago abin da ya rage.
Jingina katifa biyu a bango.
Kuma ka kashe esi.

Ni, mai gyaran esi.

Muka zauna cikin gumin Jidda, tagogi a rufe,
Goggo na fifita da murfin kwali, na roƙe ta ta ajiye.
Na murɗa na biyun har ƙarshe,
sabon shiga, dokin sabon abu.
Allura ta tsaya cak kamar ɗan sanda.
Ba tsawa, ba raɗa, komai ya yi layi.
Na sa mata a kunne ina jiran yabo.

Ta saurara har ƙarshe, ta cire.
"Wace ce wannan mai karanta labaran rediyo?
Ta faɗi mutuwar yayana
da muryar da ake faɗin kuɗin gero."

Na sassauta. Na ƙara sassautawa.
Na bar shi ya tare tsawar kaɗai,
kamar hannu a kafaɗar mai fushi,
zaren kuma na ɗago shi kaɗan,
iya yadda jikokinta za su kusanto su ji.

Riyal ɗari biyu da hamsin suka rage.
Akwatin iko yana can wurin Ammu Awad,
in na wuce nakan tsaya in yi masa sallama.
Goggo ta ce gobe sai labarin ƙetare teku,
amma in tanadi ruwan sanyi da tawul,
kuma in daina kallon allura in tana magana.