Layin Alli a Kan Kanta

Shekara arba'in da huɗu ina tsaye kan tukunyar tagulla
a Safranbolu, bayan layin maƙera, ƙofa ta uku.
Sukari, sitaci, ruwan wardi cokali biyu,
sai haƙuri, wanda ba ya hawa sikeli.
Muciya ta cinye min kafaɗar dama,
ni kuwa na ci abincina a jikin alewa.

Lokum muke ce mata.
Ubana yana yanka, ina barbaɗa garin sukari,
har ya rasu farin gemunsa iri biyu ne,
na tsufa da na sana'a.
Kala uku muka gada: wardi, lemon tsami,
da farar da ba a sa mata komai,
kuma ba wanda ya taɓa fita shagon nan yana kushewa.

Sai ga jikata Ilgin ta dawo daga Istanbul
da kwalabe tara a jakar goyo.
Mangwaro da barkono. Kofi mai gishiri.
Wata shuɗiya kamar an jiƙa bula, tana warin cingam.
Ta ce, "Kaka, yanzu ido ke fara ci,
waya ta ɗauki hoto, sannan baki ya biyo sahu."
Na ce barkono gidansa miya,
wa ya aike shi cikin alewa?

Na ba ta rabin kanta, kar a ce tsoho ya hana.
Na ja layi da alli a tsakiya.
Ranar Asabar ɗalibai suka yi wa gefenta dafifi,
gefena kuwa daga ni sai kyanwa.

Amma ai ina da Nurhayat.
Duk Alhamis bayan la'asar, tana dogara sanda,
rabin kilo na wardi, a ɗaure da jan zare,
tun mijinta Rustem yana tuƙa motar gidan waya.
Ya rasu farkon sanyi.
Ranar da ta fita takaba na riga na ɗaure kwalinta,
na ce ga wadda ba ta san sauyawa.

Ta wuce ni. Ta tsallake allina.
Ta ɗauki mai barkonon da yatsu biyu,
ta tauna a hankali, idonta ya kawo ruwa,
ban sani ba ko yajin ne.
Ta ce, "Sabahattin, ban taɓa son wardi ba,
ji nake kamar ina cin sabulu.
Shi ke so. Shekara talatin ina taya shi,
bai gane ba har ya kwanta dama.
Auno min wannan, ta iya cizo."
Ta biya, ta fita tana tari tana darawa.

Kwalin wardi ya kwana a kan sikeli.

Da dare na kulle ƙofa ta ciki.
Na kashe fitila ɗaya, na bar ɗaya.
Na ce bari in san abokin gaba,
ba a yaƙi da abin da ba a ɗanɗana ba.
Mangwaron ya yi min sallama, barkonon ya mare ni ta baya.
Kofin ya sha gishiri, wannan kam gaskiya ce,
an kuma sauke shi kafin ya gama dahuwa.
Shuɗiyar nan, ba zan ce komai ba.
Huɗu na ci, duk don in tabbatar ba ta ciwuwa.

Da safe tun daga bakin ƙofa na fara faɗa:
wuta ta yi yawa, a rage gishiri,
muciya ba gudu take so ba.
Ilgin ba ta sauraron maganata, bakina take kallo.
Ta jingine tsintsiya, ta riƙe ƙugu.
"Kaka," ta ce, "fito da harshenka."
Na tsuke baki.
Na ɗauki tsumma na hau share kanta,
ƙurar sukari kawai na nufa,
allin ne ya bi tsumman, ba ni na sa shi tafiya ba,
shi ya ga damar gogewa.